Yuzuru Hanyu da tsallen da ya ƙi bari

Nan Sakkwato in an ce wasa to ƙwallo ce ko dambe ko kokawa, shi ya sa in na kawo zancen zamiya kan ƙanƙara a majalisa sai a ce mi ya haɗa mu da wanga abu, mu da rana ke gasawa a watan Afirilu. Amma ni dai akwai wani ɗan Japan da na daɗe ina bin wasanninshi a YouTube, Yuzuru Hanyu, kuma wallahi ina ganin girman mutumin nan.

An haife shi a Sendai a 1994, da ciwon asma ya tashi, yana shekara huɗu ya fara hawan ƙanƙara. Ran 11 ga Maris 2011 da girgizar ƙasa ta afka ma yankinsu shina cikin fili shina tirenin, da takalman zamiyar a ƙafa ya gudo waje, sunka yi kwanaki shi da iyayenshi a inda aka tsugunar da mutane, filin kuma ya lalace. Da ba wurin atisaye sai ya dinga bin wasannin nishaɗi gari gari, wajen 60, da su ya riƙe jikinshi. A 2012 ya ci tagulla a gasar duniya a Faransa, daga nan ya koma Toronto ta Kanada hannun koci Brian Orser.

Zinaren Olamfik na farko a Sochi ta Rasha ya ɗauke shi, 2014, yana shekara 19. Na biyun ne abin mamaki, don a Nuwamba 2017 ya ji ciwo a idon sawun dama wurin atisaye, wata ukku ba a gan shi a gasa ba, har an fara cewa tashi ta ƙare, sai ga shi a Olamfik na PyeongChang ta Koriya ta Kudu a 2018 da maganin kashe zafi ya sake cinyewa. Rabon da namiji ya yi haka sau biyu a jere tun Dick Button na Amurka a 1948 da 1952.

To amma abin da ya sa na zauna rubutun nan gasar Olamfik ta Beijing ce, 2022, inda bai samu ko tagulla ba.

Akwai tsallen da ake ce ma Axel, shi kaɗai ne ake tashi ana fuskantar gaba a dira da baya, saboda haka kullum akwai ƙarin rabin juyi a kanshi. Axel mai huɗu kenan juyi huɗu da rabi ne a sama cikin ƙasa da daƙiƙa guda, ka dira da ƙafa ɗaya kan bakin ƙarfe siriri, kuma ƙafar damar nan mai ciwo ita ce ta dira. Har lokacin ba wanda ya taɓa yin shi a gasa, shi kuma Hanyu ya je Beijing da niyyar yin shi a zagaye na biyu. A zagayen farko takalminshi ya faɗa wani rami a ƙanƙarar, tsallenshi na fari ya lalace, ya koma na takwas. Mai lissafi zai ajiye Axel ɗin ya yi abin da ya saba ko ya tsira da lamba, shi ko ya ƙi, ga kuma sabon targaɗe da ya yi wurin atisaye ana gobe wasa. Ya tashi, juyin bai ida cika ba, ya faɗi, ya miƙe ya ci gaba da wasanshi har ƙarshe. Na huɗu ya zo, Nathan Chen na Amurka ya ɗauki zinare.

Wasu sun ce taurin kai ne ya zubar da lamba a banza, ni ban yarda ba ko kaɗan. Kamar ɗan damben da ya gama buge sa'o'inshi ne ya ce shi sai wanda kowa ke gudu, ko an kai shi ƙasa ba ka ce mai rago ba. Zinare biyu na hannunshi, ya ci gasar duniya a 2014 da 2017, shi ya fara wuce maki 300 a 2015, abin da ya rage mai kawai tsallen nan ne da yake buri tun yana yaro, kuma gaban duniya ya gwada shi ba a ɓoye ba.

A Yuli 2022 ya bar gasa, a Satumba wani yaro ɗan Amurka mai shekara 17, Ilia Malinin, ya dira tsallen lafiya lau, kuma ya cancanci yabo ba ja. Hanyu kuma ya koma shirya wasannin kanshi, a Fabrairu 2023 mutum 35,000 sunka cika babban filin wasa na Tokyo Dome don kallonshi shi kaɗai.