Mai ciwon kumburin hanji da zuwa asibiti lokacin annoba

Da korona ta ɓarke a 2020, masu ciwon kumburin hanji, wato cutar Crohn da ulcerative colitis, sun shiga tsaka mai wuya. Da yawa daga cikin magungunansu suna rage ƙarfin garkuwar jiki, ga shi wasu sai an je asibiti ake sa su. Infliximab, alal misali, ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki, duk mako 8, kuma zaman kan ɗauki awa 2. Wasu majinyata suka ƙaurace wa asibiti don tsoro.

Ƙauracewar ta fi zuwan haɗari. Idan aka tsallake magani ciwon kan tashi, jiki ma yana iya ƙera abin da zai yaƙi maganin har ya daina aiki. Idan ciwon ya tashi sai a koma ga prednisolone, wani magani daga rukunin steroid mai kwantar da kumburi, kuma nan ne matsalar take. Rajistar SECURE-IBD, wadda aka buɗe a watan Maris na 2020 don tattara bayanan majinyata daga ƙasashe da dama, ta nuna masu shan steroid ne korona ta fi yi wa tsanani, ba masu karɓar infliximab ko makamancinsa adalimumab ba. Ƙungiyar likitocin ciki ta Birtaniya a lokacin ta sa mai shan prednisolone miligiram 20 ko fiye a rana cikin rukunin mafi haɗari. Duk da haka ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali likita ke rage shi.

Matakan da aka bi a ɗakin ƙarin ruwa lokacin annobar ba su da wuya: a buga waya ranar jajibiri a tambayi zazzaɓi da tari, a ba kujeru tazarar mita 2, kowa da takunkumi, ɗan rakiya ya jira a waje. Wanda ciwonsa ya lafa ana iya mai da shi kan allurar ƙarƙashin fata da zai yi wa kansa a gida duk mako 2. Gwajin calprotectin a bahaya, wanda ke nuna ko hanji ya kumbura, kan wadatar a madadin leƙa hanji da kyamara idan ba gaggawa.

Abin da a ganina aka fi sakaci da shi ba korona ba ce, ƙwayar C. difficile ce. Tana yaɗuwa a ɗakunan kwanciya, tana son hanjin da ya kumbura ko ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma gudawarta ta yi kama da tashin ciwon. Man tsaftace hannu bai kashe ta. Sai sabulu da ruwa, bayi kuma a wanke da bilic. Shi ya sa ake gwada bahaya kafin a ƙara steroid.

Wanda ke bahaya da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya sama da 90 a minti, kwanciya ta kama shi ko da annoba. A can za a yi masa allurar heparin mai hana jini daskarewa, domin ciwon da koronar duk suna sa jini ya daskare a jijiya.