Teburin sa hannu da littattafan yara a kan ƙaura

A Amurka, idan marubucin littafin yara mai hotuna ya fitar da sabon aiki, ba a shirya masa irin bikin ƙaddamarwa da muka saba gani a gida, inda ake gayyato babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan kuɗi masu yawa, a yi jawabai, a watse. Shagon sayar da littattafai ko ɗakin karatu na unguwa ne ke sa rana, galibi Asabar da hantsi, a yi shimfiɗa yara su zazzauna a ƙasa, marubucin ya karanta musu littafin yana ɗaga shi sama domin su ga hotunan, sannan ya koma tebur a yi layi yana sa hannu. Karatun ba ya daɗewa, domin yawancin waɗannan littattafai shafi 32 ne, adadin da ya samo asali daga yadda maɗaba'a ke naɗe manyan takardu zuwa shafi takwas-takwas ko sha shida-sha shida, kuma kalmomin ciki sau da yawa ba su kai 1000 ba. Layin ne ke cin lokaci. Ma'aikacin shago yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana rubuta sunan kowane yaro a 'yar takarda yana manna wa littafin, don kada marubuci ya kuskure harafi, shi kuwa mai zane, idan ya halarta, yakan ƙara ɗan zane a gefen sunan. Halartarsa ba tabbas ba ce, saboda kamfanin ɗab'i ne ke zaɓar mai zane, kuma yana yiwuwa littafi ya fito kasuwa alhali mutanen biyu da sunayensu ke bangonsa ba su taɓa haɗuwa ba.

Tun da na fara kai 'yata irin wannan zama, na lura cewa layin littafin da ke magana a kan barin gida ya bambanta da na littafin dabbobi ko na barkwanci. A nan iyaye ne ke yawan magana. Uwa za ta sunkuya ta gaya wa marubuciya cewa za su tashi a wata mai zuwa, ko kuma sun tare a sabon gida amma yaron ya ƙi sakin jiki, ta roƙa a rubuta masa wata kalma ta ƙarfafa zuciya. Yaro ne mai sauraron littafin, amma babba ne mai biyan kuɗinsa, kuma babban yana sayensa ne kamar yadda ake sayen maganin zazzaɓi, yana fatan a karanta da dare a wayi gari kuka ya tsaya. Kamfanonin ɗab'i sun san da wannan buƙata, shi ya sa kasuwa ta cika da labarai masu tsari ɗaya: yaro ya ji tsoro, babbar mota ta kwashe kaya, a shafukan ƙarshe ya leƙa ta taga ya hangi sa'ansa a maƙwabta, shi ke nan damuwa ta ƙare. Ba na ganin laifin iyayen, amma ina ganin irin waɗannan littattafai sun fi sanyaya ran mai karantawa a kan ran wanda ake karanta wa.

Waɗanda suka tsaya mini a rai su ne waɗanda marubutansu suka ƙi yin gaggawar rarrashi. A 1995 marubuciya Judith Viorst ta dawo da Alexander, yaron labarinta da aka sani tun 1972 daga littafin da ta rubuta a kan mummunar ranarsa, a cikin labarin da mahaifinsa ya samu aiki a wani gari mai nisan mil 1000. Daga farko har kusan ƙarshe yaron rantsuwa yake yi cewa ba zai tafi ba, yana lissafin gidajen maƙwabta da zai iya zama a ciki, kuma ko da ya haƙura ya haɗa kayansa, da sharaɗin cewa wannan ce ƙaura ta ƙarshe da zai yarda da ita. Meg Medina, wadda iyayenta suka fito daga Kuba, ta ɗauki wata hanya a 2020 a littafinta Evelyn Del Rey Is Moving Away, da zanen Sonia Sánchez: ta ba da labarin ta bakin Daniela, ƙawar da aka tafi aka bari, wadda gidansu bai motsa ba amma ita ma ta yi rashi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Yard Sale na Eve Bunting, marubuciyar da aka haifa a Arewacin Ireland a 1928, ta rubuta littattafai sama da 250 kafin rasuwarta a 2023. Littafin ya fito a 2015 da zanen Lauren Castillo, kuma ƙaurar da ke cikinsa ba ta ci gaba ba ce. Iyayen yarinya Callie sun baza kusan duk kayan gidansu a farfajiya suna sayarwa, har da kekenta, domin matsalar kuɗi ta tilasta musu komawa ƙaramin mazauni. Ana cikin cinikin sai wata mata ta tambaye ta cikin raha ko ita ma ta sayarwa ce, yarinyar kuwa ta ɗauki maganar da gaske, ta ruga wurin iyayenta a firgice. Babba ba zai taɓa zaton wannan ne tsoron da ke zuciyar yaro ba, domin hankalinsa yana kan kuɗin haya da motar ɗaukar kaya, kuma sai marubuciyar da ta saurari yara da kyau za ta gano shi.

Irin wannan sauraro ana ganinsa a teburin sa hannu ma. Na ga marubuciyar da ba ta rubuta wa kowa alkawarin samun sababbin abokai, sai dai ta tambayi yaro abin da zai fi kewa a gidan da zai bari, ta jira amsa komai tsawon layi, sannan ta rubuta abin da ya faɗa a ƙarƙashin sunansa. Amsoshin da na ji ba su ne waɗanda iyaye ke tsammani ba: bishiyar bayan gida, karen maƙwabci, matakalar da ake zama a kanta. Wasu iyayen sukan ƙosa, musamman na ƙarshen layi, amma yaran ba sa ƙosawa.

A duk waɗannan littattafai iyali tare suke tashi, uwa da uba da yara a mota ɗaya. Yaranmu ma suna irin wannan ƙaura, ko don mai gida ya ƙara kuɗin haya, ko don an yi wa mahaifi canjin wurin aiki, ko don rikici ya kori gari gaba ɗaya kamar yadda ya faru a Borno da Zamfara. Amma akwai wata ƙaurar da ta yawaita a wurinmu, wadda yaro ke yi shi kaɗai: a kai shi riƙo wurin gwaggo ko kaka, ko aure ya mutu ya bi ɗaya daga cikin iyayensa, ko a tura shi karatun allo wani gari. Wanda zai rubuta wannan da Hausa a shafi 32 ba shi da babbar mota da akwatuna masu lamba da zai ba mai zane, sai ƙullin kaya ɗaya, da tashar mota, da babban da ya rako yaron kuma zai koma gida ba tare da shi ba.