Tambayar da Wani Dattijo Ya Yi Mini a Zaure

Shekara 11 na yi ina bin gida-gida da akwatin rigakafin shan inna rataye a kafaɗata, cikin birnin Kano da ƙauyukan gefensa. Aikin a ido ba wuya: ki yi sallama, ki ɗiga wa yaro ɗigo biyu a baki, ki shafa masa alama a ƙaramin yatsa, in kin fito ki rubuta da alli a jikin ƙofa. A wajen horo an nuna mana ɗan tambarin da ke jikin kwalba. Muddin tsakiyarsa ta fi gefensa haske, maganin lafiya lau. In ta yi duhu, zafi ya lalata shi, sai a ajiye shi gefe. Wannan rana ɗaya na iya shi. Amsa tambayar mutane ce ta ɗauke ni shekaru.

A farkon aikina muka iske wani dattijo a zaure, yana zaune kan buzu da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, watan jiya jikata ta kwana uku da zazzaɓi. Kati sai da na saya, magani sai da na saya. Ke kuma kullum kina biyo mu har ɗaka da magani kyauta, na cutar da ban taɓa gani a gidan nan ba. Wa ke biya, kuma me yake nema?" Na karanto masa abin da aka haddatar da mu. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Kin san abin da ya faru a Asibitin Zana?" Na ce, "Ai Baba, jita-jita ce kawai." Bai yi musu ba. Ya sa mini albarka, ya ce in gai da gida. Ba mu shiga ba.

Maganar ta tsaya mini a rai, na je na bincika, ashe gaskiyarsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 a wannan asibiti na masu cututtuka masu yaɗuwa da ke Kano. Yara 11 suka rasu, biyar cikin waɗanda aka ba sabon maganin, shida cikin waɗanda aka ba tsohon maganin da ake kwatanta sabon da shi. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ni ina 'yar firamare lokacin. Shi kuwa a gabansa aka yi, sai ga ni da rigar aiki ina ce masa bai faru ba. In zan ƙaryata abin da ya sani, don me zai yarda da ni a kan abin da bai sani ba?

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da aka fara cewa a 2003 wai ɗigon yana hana haihuwa, zancen ya samu wurin zama. Zargin ba gaskiya ba ne, kuma ya ci mu da tsada. Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje a gida da waje da kuma samo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20, har Sudan da Yaman. A 2006 kaɗai, yara fiye da 1,100 ta kama a Najeriya. A Fabrairun 2013 aka harbe mata tara masu irin aikina a Kano. Washegari mahaifiyata ta ɓoye mini akwatina, ta ce aikin ya isa haka.

Inda na fi shan wahala shi ne bayan an yi murna. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, amma muka ci gaba da ƙwanƙwasa ƙofofi. Wata matashiyar uwa ta kunna mini saƙon murya a WhatsApp, mai maganar yana cewa maganin ne da kansa ke kawo cutar. Ta ce, "Malama, ki gaya mini tsakaninki da Allah." Abokiyar aikina ta taɓa ni, alamar in ce ƙarya ne mu wuce. Na tuna zaure. Na zauna bakin tabarmarta na yi mata bayani: ɗigon na ɗauke da ƙwayar da aka raunana, tana fita ta bayan gida. A unguwar da yara da yawa ba su samu rigakafi ba, ga ƙarancin tsafta, takan yi ta yawo daga wannan yaro zuwa wancan tsawon watanni har ta sake yin ƙarfi, kuma wanda bai samu kariya ba shi ta fi kamawa. Saboda haka ne aka ƙirƙiro sabon ɗigo da ba ya saurin rikiɗewa, Najeriya ta fara amfani da shi a 2021. Ta yi tambaya wajen biyar, sannan ta miƙo mini ɗanta.

Har yau wasu abokan aikina na ganin irin wannan bayani yana tsorata mutane. Ban yarda ba. Uwar nan wayarta na hannunta. In ban faɗa mata ba, wani zai faɗa mata rabin zancen, kuma shi za ta riƙa saurara daga ranar. Sai dai ba za ki faɗi abin da ba ki karanta ba. Na mayar da shi al'ada duk mako in duba rahoton NCDC, hukumar daƙile cututtuka masu yaɗuwa ta Najeriya, da sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya. Saƙon da aka turo mini kuwa, kafin in tura ko in ƙaryata, sai na ga wa ya faɗa, yaushe, yara nawa aka bincika, wa ya biya kuɗin binciken. Tambayar ƙarshen nan a bakin dattijon na koye ta.

Dattijon kuwa, bayan waccan haɗuwar tamu ta farko, na koma wurinsa a zagaye na gaba. Na ce, "Baba, abin da na ce maka jita-jita ce, ya faru. Ka yafe ni." Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To, maganar zazzaɓin fa?" Na ce a nan ma gaskiyarsa, kuma na kai kukan wajen manyanmu. Ranar ma bai bar mu mun shiga ba. Sai da aka fara kafa 'yan rumfunan duba marasa lafiya a unguwanni lokacin zagayen rigakafi, ana gwada jini ana ba da maganin zazzaɓi da na gudawa kyauta, na hango shi yana tafe da sanda, jikoki uku na biye da shi. Ya zauna a benci, ya ce a fara duba ƙaramar tukuna, jikinta da zafi tun jiya.