Don Allah a ba malamin nan dama ya yi lacca

Masu shirya lacca, ƙungiyoyin ɗalibai da 'yan rediyo, roƙo nake da shi. Kullum fuskoki ɗaya ake gayyata, in dai mutum yana da farfesa a gaban sunansa ko ya yi tashe a Facebook shi kenan kujera tashi ce, alhali akwai wani malamin lissafi da ilimin taurari da na sani, ba muƙami gare shi ba kuma ba ya tallan kansa, amma wallahi bayaninsa sai wanda ya ji.

Ka ga yadda yake koyar da awon girman duniya. Ƙwallo zai ɗauko ya manna tsinken ashana biyu a jiki, ya kashe fitila ya haska tocila, sai ka ga tsinke ɗaya ba inuwa ɗayan kuma inuwarsa ta kwanta. Sai ya ce to haka Eratosthenes, wani masani Bagirke, ya yi a Masar sama da shekara 2,200 da suka wuce, da tsakar ranar da ta fi tsawo a shekara sandar da aka kafa a tsaye ba ta da inuwa a garin Aswan, a Iskandariyya kuwa inuwar ta karkata wajen digiri 7, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira, ka ninka nisan garuruwan biyu sau 50 ka samu kewayen duniya. Daga nan ya wuce kan Al-Biruni, wani masani Musulmi wanda ya yi nasa awon da tsayin dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yanzu. Yaron sakandare yana gane wannan, dattijo ma yana ganewa, kuma ba ya ƙosawa da tambaya ko ta mene ne.

Wasu za su ce ai ba a san shi ba, wa zai zo? To ta yaya za a san shi in ba a kira shi ba. Michael Faraday yaron mai haɗa littattafai ne lokacin da ya je sauraron laccar masanin kimiyya Humphry Davy a Landan a 1812, daga zaman nan ya shiga kimiyya har ya zama wanda duniya ta sani a harkar lantarki. Yara irinsa suna nan birjik, mai bayani irin na malamin nan kawai suke jira.

Ban sa sunansa ba don bai ba ni izini ba, mai kunya ne sosai. Duk mai shirya taro da gaske ya neme ni zan haɗa su. Allo yake buƙata, da ɗaki mai labule saboda tocilar, da awa ɗaya da rabi.