Daga tsibirin Gili: ga ruwa har ruwa, na sha kuwa sai da kuɗi

Assalamu alaikum Sakkwatawa, iyayena da ƙannena. Ku yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa. Tun ranar da na sa hotona sanye da kayan nutso ake ta jefo mini tambayoyi iri ɗaya: ina ne nan, me nake ci, yaya aka yi na sami biza, kuma me ya kai ɗan Mabera ƙarƙashin teku alhali ko a kogin Kwalkwalawa bai taɓa yin iyo ba. Bari in amsa gaba ɗaya in huta.

Sunan wurin Gili Tarawangan, ɗan ƙaramin tsibiri kusa da babban tsibirin Lombok a ƙasar Indunusiya. Cikin awa biyu mutum zai zagaye shi da ƙafa. Babu mota, babu kabu-kabu mai shan fetur. Keke ake hawa, ko keken doki da suke kira cidomo. Makon farko shirun har ya hana ni barci.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Duk inda ka waiga teku ne, shuɗi tas kamar an rina shi a karofi, amma rijiyar gidan da nake haya gishiri-gishiri take. Ka goga sabulu ya ƙi kumfa. Ka gama wanka jikinka na danƙo. Ranar da na fara alwala da shi, ina kurkure baki na furzar, yaron gidan ya yi ta dariya. Na tuna malaminmu na zaure yana karanta mana cewa ruwan teku mai tsarki ne, mu da ba mu taɓa ganin tekun ba muna gyaɗa kai. To ga shi na zo inda karatun ke aiki. Ruwan sha kuwa a manyan gorunan roba masu lita 19 ake sayensa, jirgin ruwa ke kawo shi daga Lombok, keken doki ya kai maka ƙofa. Ran da iska ta tashi jirage suka yi jinkiri, sai ka ga kowa yana auna shayinsa. Matar mai gidana ruwan da ta wanke shinkafa da shi take zuba wa shukokinta. Ina kallonta sai in tuna yadda muke sakin famfo yana zuba a tsakar gida duk ranar da aka kawo ruwa, washegari kuma mu tsaya muna ciniki da mai garuwa kamar za mu yi dambe. Ban ce komai ba, na dai tuna.

Zafin nan ma ba irin namu ba ne. Namu na watan Afrilu ƙuna gare shi, amma kafin ka gama shanya ta biyu ta farko ta bushe. Nan gumi ne ba dare ba rana. Takalmin fatan da na sayo a gida, na ajiye shi mako uku a lungu, na ɗauko shi ya yi furfura da fumfuna.

Nutson kuma, ba jarumta ba ce, koyo ne. Kwana uku zuwa huɗu ake yi ana horar da mutum, daga nan a ba shi shaidar sauka har mita 18. Ana goya maka tukunyar iska, kana shaƙa ta baki. Dokar farko, kada ka riƙe numfashi. Ta biyu, kana sauka kana toshe hanci kana hurawa a hankali, in ba haka ba kunnuwanka za su gaya maka. Kuma ba a fitowa sama a guje, ba a hawa jirgin sama sai an kwana an wuni. Saukata ta uku wani kunkurun teku mai faɗin faifai biyu ya zo ya wuce ta gabana, ko kallo ban ishe shi ba. Na so in ce subhanallahi, na manta akwai roba a bakina.

Mutanen tsibirin Musulmi ne, 'yan ƙabilun Sasak da Bugis, mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka limami na bayyana Bismillah a Fatiha, ƙunutin Asuba ma a bayyane ake yi ana amsawa da amin. Bakin teku na Turawa ne da kiɗansu, cikin gari kuma an kafa alluna ana roƙon baƙi su suturta jikinsu. Da yamma nakan hau keke in tafi yammacin tsibirin in jira faɗuwar rana, in dawo kasuwar dare in ci gasasshen kifi da shinkafa. Tuwo dai babu.

Maganar biza doguwa ce, sai wata wasiƙar. Kafin nan, Inna da ku sauran masu kirana bayan Isha'i, don Allah ku riƙa lissafi: muna gabanku da awa 7, ƙarfe 8 na darenku ƙarfe 3 ne a nan.