Ranar da aka kawo mai goge ajin 'yata a Bonn ta Jamus

Takarda 'yata ta kawo daga makaranta, wai za a yi baƙuwa a ajinsu, iyayen da ke da hali su zo. Na roƙi izini a wurin aiki na je, na zauna can baya.

Baƙuwar makaɗiya ce da ake sayen tikiti a je kallonta. Ta zo ne ƙarƙashin shirin Rhapsody in School, wanda makaɗin fiyano Lars Vogt ya kafa a 2005 don ƙwararrun makaɗa su riƙa shiga aji, ba a biyansu ko sisi. Abin kiɗanta cello ne, ƙaton goge mai tsirkiya huɗu da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, da tsinken ƙarfe ya tokare ƙasa. Ta kaɗa wani kiɗa na Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, sannan ta ce yara su zo ɗaya bayan ɗaya su ɗora tafin hannu a jikin katakon su ji yadda yake karkarwa. Ta ce haka kurma ke jin kiɗa, ta tuna musu Beethoven, ɗan garin nan da aka haifa a 1770, wanda ya kurumce bai fasa tsara kiɗa ba. Da ta ce gashin bakan da take gogawa izgar doki ce, sai da gabana ya faɗi. Ai da izga ake yin namu.

Daga nan malamar ajin ta fara tambaya, me ake kaɗawa a ƙasarku? Wani ɗan Turkiyya ya ce saz. Wata 'yar Siriya ta ce kakanta yana da ud. Aka zo kan 'yata ta sunkuyar da kai. Malamar ta yi murmushi ta ce, "Ganga, ko?" Yarinya ta gyaɗa kai, aka wuce.

Wallahi har yau abin yana ci mini rai. Muna da goge, muna da kukuma da garaya da gurmi, ga algaita, ga kakaki. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Amma ina yarinya za ta sani? Ni kaina a Zariya akwai mai goge bayan gidanmu, ƙwarya da fatar guza yake haɗawa da hannunsa, Baba ya hana mu ko leƙa zaurensa. Ba a taɓa kiransa makarantarmu ba, kuma ba wanda zai yi tunanin hakan.

Da daddare na kira Inna, na gaya mata jikarta na son koyon cello. Ta yi shiru, ta ce, "A zuriyarmu dai babu maroƙi." Yaya kuwa cewa ya yi na kai yarinya Turai zan lalatar da ita. Na yi ta bayani cewa ba roƙo ba ne, ga hadda tana yi kowace Asabar, bai saurare ni ba. Na ajiye waya ban da wanda zan kai wa kukana, mijina yana aikin dare.

Ƙanina ne kaɗai ya goyi bayana. Na sa sunanta a makarantar koyon kiɗa, muna jiran gurbi. Shi kuma na tura masa kuɗi ya nemo mini kukuma mai kyau, ya ba duk wanda ya fara tahowa.