Kwana Shida Ke Nan Ruwan Latas Ɗina Bai Tashi Ba

Jama'a, yau dai ku taya ni murna. Da na dawo daga sallar asuba na tsoma mita a bokitin da nake noman latas cikin ruwan taki ba tare da ƙasa ba, ta nuna 6.2. Jiya 6.1. Kwana shida ke nan a jere pH, wato ma'aunin tsamin ruwa da lambarsa ke hawa in tsami ya ragu, bai haura 6.4 ba. Waɗanda suka leƙo gidana a Tumfure, nan Gombe, cikin watan Nuwamba suka ga yadda tumatirina ya koma, su ne za su gane dalilin da ya sa na tsaya ina dariya ni kaɗai a tsakar gida.

Duk damina da ruwan sama nake haɗa taki, durom biyu a gindin indararo. In na zuba na gauraya, sai mita ta zauna wajen 5.8 zuwa 6 abinta, har na fara ganin masu kuka da pH kamar raki ne ya yi musu yawa. Ruwa ya ɗauke a Oktoba, durom ya ƙafe, na koma sayen ruwan burtsatse wajen 'yan ga-ruwa kamar kowa a layinmu. Ba a yi mako biyu ba sabon tohon tumatir ya fara fitowa ruwan ɗorawa, jijiyoyin ganyen kore shar, tsakaninsu kamar an shafa kurkum, tsofaffin ganyen ƙasa kuwa lafiya lau. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara taki, abin ya ƙara muni. Da na auna, ruwan jarka 7.9 yake, bayan an sa taki 7.4. Sinadarin ƙarfen da ganyen ke nema yana cikin bokiti, ya dai daskare ya kwanta a ƙasa, saiwa ba ta iya ɗaukarsa.

Na fara da lemon tsami, don shi ne a kusa. Na koma ruwan khal. Daga nan na sayo garin tsamin nan da masu zoɓo ke sawa, wato sitirik asid. Dukkansu suna aiki, wannan ba gardama. Ka zuba, ka gauraya, mita ta faɗo 6 a gaban idonka, ka tafi kana jin kanka malami. Washegari da safe 7.2. Ka sake zubawa, jibi 7.3. Kusan mako uku ina wannan wasan ɓuya da bokiti goma sha huɗu. Ranar da haushi ya ɗebe ni na zabga cokali biyu a bokiti ɗaya, ta gangara 4.3, garin neman gira na rasa ido, saiwar ta ƙone. Sauran kuma saiwarsu ta fara yauƙi kamar an tsoma ta a miyar kuɓewa, ruwan ya yi duhu yana tsami-tsami. Latas kai ashirin da biyu na tuge na ba awakin maƙwabta. In na haɗa iri da taki da kuɗin ruwa, asarar ta haura naira dubu talatin, kuma ta yi mini ciwo, don da kuɗin shinkafar gida na yi kasadar.

Wanda ya kwance mini ƙullin ƙanin uwargida ne, ya karanta ilimin haɗa sinadarai. Ya zo gaisuwa, ya tarar da ni a tsugunne ina ƙunƙuni. Bai ko kalli mitar ba, ya ce a ɗauko masa tukunyar da muke dafa ruwan shayi. Ya kankare farin ɓawon da ya manne a gindinta da farce, ya ce, "Yaya, ga abokin faɗanka nan. In Anti ta ga miyar tumatir ta yi tsami, me take jefawa?" Na ce kanwa. Ya ce to ruwan nan da 'yar kanwarsa yake zuwa daga ƙasa.

Bayaninsa ke nan, yadda na fahimta. Ruwan da ya ratsa duwatsu masu farar ƙasa yana kwaso bayikabonet, dangin abin da ke cikin kanwa, kuma a jihar da ake haƙo farar ƙasa ana yin siminti a Ashaka wannan ba abin mamaki ba ne. Mita ba ta gaya maka yawansa. Ruwa biyu za su iya nuna 7.9, ɗaya ɗigo kaɗan ya ishe shi, ɗayan ya shanye kofi guda. In ka zuba tsami, bayikabonet ɗin yana rikiɗa ya zama iskar gas irin ta lemon kwalba, tana nan narke a ruwan, shi ya sa mita ke nuna maka 6. Cikin dare iskar ta fice, ragowar bayikabonet ya sake ɗaga ruwan. Ƙari a kan haka, lemon tsami da khal da garin tsami duk abinci ne ga ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwa: su cinye tsamin, pH ya koma inda ya fito, su kuma su yi ƙiba su naɗe saiwa da yauƙi. Ashe ni kiwonsu nake yi safe da yamma. Ita kanta shukar, in tana shan takin naitiret, tana ɗaga ruwan kaɗan-kaɗan, wannan kuwa ba makawa.

Ya ce in nemi asid mai ƙarfi wanda ƙwayoyin ba sa ci. Na yi cigiyar fosforik ban samu ƙarami ba, sai na koma ga na batir. A nan ma na yi wauta: na aiki yaro na ce ya sayo ruwan batir, ya kawo mini tataccen ruwan da ake cika batir da shi. Na zuba rabin kwalba ina jiran mita ta motsa, ko gezau. Kuɗin dai bai tafi a banza ba, da shi na narka garin saita mita, na 4.01 da na 6.86, kowanne a mil 250, na kuma gano mitar tawa tana ƙara mini kusan 0.2 tun da na bar bakinta ya bushe a aljihun tebur.

Asid ɗin na gaske sabo na saya, wanda bai taɓa shiga batir ba. Na tsohon batir akwai dalma a ciki, kada wanda ya kusantar da shi abin da za a ci. Na sa safar hannu da tabarau, na zuba ruwa kashi tara a jarka, sannan na tsiyaya asid kashi ɗaya a kai. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid, yana zafi ya fantsamo. Duk da takatsantsan ɗin, wandon da na sa ranar sai da ya fito daga wanki da huda uku a gwiwa. Jarkar na rubuta mata suna da jan fenti na kulle a sito, saboda yara.

Abin da ya canza komai shi ne na daina gyara ruwa a cikin bokitin shuka. Na ɗebi lita 10 na gwaji, ina sa mil 10 na sirkin da sirinji, in sheƙa ruwan daga bokiti zuwa bokiti sau da yawa yadda ake fifita shayi, in bar shi ya kwana, in auna. Zubi na farko ya koma sama. Na biyu ma ya koma, amma ba sosai ba. A na uku, mil 30 ke nan, ya kwana ya tashi a 6.3. Na ninka sau ashirin, mil 600 a durom na lita 200, rabi da yamma, rabi da safe, ina motsawa da gora. Sai ya huce sannan in sa taki, in sake aunawa, don takin kansa yana ɗan saukar da shi. Wannan ma'aunin na ruwan layinmu ne, mutumin Pantami ko Jekadafari ya gwada nasa, wanda ke samun na famfo daga Dadin Kowa ma haka. Ni kaina ranar da mai kura ya canza burtsatse sai na sake gwajin lita 10.

Ganyen da suka riga suka yi ɗorawa ba su dawo sosai ba, amma tohon saman tumatir ya fito kore, kuma saiwar sabon latas fara tas kamar taliya. Tattasai biyu har yanzu suna nan a tsaye ba gaba ba baya, na ba su mako ɗaya. Na roƙi mai shagon bakin titi ya riƙa tara mini ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗakinsa, in sirka da na burtsatse ko asid ɗin ya ragu, ya ce sai zafi ya shigo zai fara kunna ta sosai. Jarka biyu na riga na kai masa.